Shin yaron da aka samu ta hanyar dashen ƙwai yana da naƙasu a karatu ko a ɗabi'a?

Tambaya:

Shekararmu 9 da aure ni da maiɗakina, Allah bai ba mu haihuwa ba. Likita ya ce hanyoyin ƙwanta duka biyu a toshe suke, ya ba mu shawarar dashen ƙwai, wanda suke kira IVF, da maniyyina da ƙwanta. Mun tara kuɗin da ƙyar. To amma Hajiyarmu ta ce ta ji 'ya'yan kwalba ba sa gane karatu, ba sa jin magana, wai babu albarka a tare da su. Sannan a asibitin an ce za a iya mayar mata da 'yan tayi uku a lokaci ɗaya don kada kuɗinmu ya tafi a banza. Mene ne gaskiyar wannan magana, kuma me ya kamata mu yi? Allah ya saka da alheri.

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ɗan'uwa, Allah ya yaye muku, ya ba ku zuriya ɗayyiba.

Tambayarka ta ƙunshi abu biyu, maganar Hajiya da maganar asibiti. Na lura maganar Hajiya ce ta fi tayar maka da hankali, alhali maganar asibitin ce ta fi cancantar ka tsaya a kanta. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Hukuncin aikin kansa ba sabon zance ba ne. Shaikh Jadul Haƙƙ Ali Jadul Haƙƙ, lokacin yana Muftin Masar, ya ba da fatawa a kai tun 1980. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta tattauna shi a 1984 da 1985. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman a 1986, ta duba hanyoyi bakwai, ta haramta biyar, ta halatta biyu idan akwai buƙata. Abin da aka halatta shi ne wanda maniyyin na miji ne, ƙwan na matarsa ne, mahaifar da za a mayar da shi ita ma ta matar ce, igiyar aure tana nan a tsakaninsu, kuma an yi duk taka-tsantsan don kada a cakuɗa da na wasu. Da zarar mutum na uku ya shigo, da maniyyinsa ko ƙwanta ko mahaifarta, ya haramta. Abin da ka siffanta yana cikin wanda aka halatta. Yaron da aka samu ta nan ɗanka ne na shari'a, za a yanka masa ragon suna, zai ci gadonka, za ka ci nasa, idan mace ce kai ne waliyyinta.

Sai batun albarka. Sunan nan na "ɗan kwalba" shi ya fara rikita mutane, har wasu suke zaton a cikin kwalba ake renon yaron har ya yi wata tara, kamar yadda ake ƙyanƙyasar 'yan tsaki da inji. Abin da ake yi shi ne a ba matar allurai ƙwayayenta su nuna, a ciro su, a haɗa su da maniyyin miji a wani ɗan faranti, a jira kwana 3 zuwa 5, sannan a mayar da abin da ya haɗu cikin mahaifarta. A ranar da ake mayar da shi bai kai girman ɗigon alƙalami ba. Duk matakan da Allah ya lissafa a Suratul Muminuna, daga gudan jini zuwa tsoka zuwa ƙashi da tufatar da shi da nama, a cikin uwarsa yake bin su. Hadisin Ibn Mas'ud, Allah ya ƙara masa yarda, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya nuna cewa bayan kwana 120 ne ake aiko mala'ika ya busa rai, ya rubuta arziki da ajali da aiki da rabo ko rashin rabo. A lokacin nan wannan yaro ya kusa wata huɗu a cikin mahaifiyarsa, kamar kowane ɗa. Likita bai halicci komai ba. Hanya ce ta toshe, ya kewaye ta. Wanda Allah bai ƙaddara masa haihuwa ba, a yi masa dashe sau goma ba zai samu ba, kuma ana ganin haka kullum a asibitoci. Suratus Shura, aya ta 49 da ta 50, ta riga ta bayyana cewa bayar da 'ya'ya mata ko maza ko hanawa duk a hannun Allah suke. Haka kuma hadisin Abu Huraira ya tabbatar da cewa kowane abin haihuwa a kan fiɗira ake haihuwarsa, iyayensa ne suke karkatar da shi, bai ware wani yaro ba saboda yadda aka ɗauki cikinsa.

Wannan ta fuskar nassi ke nan. Amma ko yaro zai gane karatu ko ba zai gane ba, tambaya ce ta abin da ake gani a zahiri, kuma Allah ya umarce mu a Suratun Nahli mu tambayi ma'abota sani a abin da ba fanninmu ba. Alhamdu lillahi an daɗe ana bin sawun waɗannan yara. Ta farkonsu, Louise Brown, an haife ta a garin Oldham na Ingila ranar 25 ga Yuli, 1978. Ta girma ta yi makaranta, ta yi aiki, ta yi aure, ta haifi 'ya'yanta ba tare da dashe ba. Robert Edwards, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi wannan aiki, an ba shi kyautar Nobel a 2010. Zuwa 2018 an ƙiyasta yaran da aka haifa ta wannan hanya sun haura miliyan 8 a duniya. A nan Najeriya ma, a 1998 an haifi yarinya ta wannan hanya a Abuja a hannun Dakta Ibrahim Wada. Ka ga ana maganar mutanen da wasunsu yau su ne iyaye.

Ƙasashen arewacin Turai, irin su Suwidin da Denmak da Norwe, suna da rajista ta kowane yaro tun daga haihuwa har sakamakon jarrabawarsa, shi ya sa aka fi dogara da bincikensu. A Denmak an kwatanta sakamakon jarrabawar ƙarshen aji 9, wato 'yan shekara 15 zuwa 16. A Suwidin ma an yi irin wannan. Da aka duba makin kai tsaye, 'ya'yan dashe sun ɗan fi sauran yara. Da aka cire tasirin shekarun iyaye da iliminsu da wadatarsu, sai fifikon ya gushe, har suka ɗan yi ƙasa da wani ɗan abu wanda masu binciken da kansu suka ce bai kai a damu da shi ba. A Ostireliya, masana na Jami'ar Melbourne sun wallafa bincike a 2023 a kan yara dubu ɗaruruwa na jihar Victoria. Sun duba su a lokacin shiga makaranta, suka sake dubawa a jarrabawar aji 3, ba su ga bambanci tsakanin 'ya'yan dashe da sauran ba. A Birtaniya kuwa, wani bincike na Jami'ar Oxford a 2017 ya ga 'ya'yan dashe sun fi iya magana da sanin kalmomi a shekara 3 da 5, zuwa shekara 11 kuma sai aka yi kunnen doki.

Kada ka ɗauki wannan ka ce ashe dashe yana ƙara basira. Ba ya ƙarawa. Masu iya biyan kuɗinsa galibi sun manyanta, sun yi karatu, suna da abin hannu, kuma sun daɗe suna jiran yaron, don haka suna zama da shi, suna yi masa hira, suna kai shi makaranta a kan lokaci. Gidan ne ya yi tasiri. Wannan kuwa abu ne da duk malamin allo ya sani ba sai an kawo masa alƙaluma daga Turai ba: yaron da uwarsa take yi masa tilawa da daddare ba ya zama ɗaya da wanda ya rataye allonsa sai gobe.

Ta fuskar ɗabi'a, wata masaniya mai suna Susan Golombok, wadda daga baya ta shugabanci cibiyar binciken iyali a Jami'ar Kambirij, ta jagoranci bin wasu iyalai a Ingila da Holan da Sifen da Italiya tun shekarun 1990. An duba yaran suna tsakanin shekara 4 da 8, aka sake duba su suna kusan 12, aka tambayi iyayensu da malamansu na makaranta. Ba a same su da rashin ji ko matsalar zama da mutane fiye da sauran yara ba. Abin da aka fi gani ma shi ne iyayensu sun fi jan su a jiki.

Amana ta sa in faɗa maka ɗaya ɓangaren, domin akwai shi. A 2013 an wallafa wani babban bincike daga Suwidin wanda ya ƙunshi yara kusan miliyan 2.5 da aka haifa daga 1982 zuwa 2007, cikinsu kimanin 31,000 na dashe ne. Ba a ga dashe a dunƙule yana ƙara lalurar nan ta galahanga ba, wadda likitoci suke kira otizim. An dai ga ɗan ƙari a raunin fahimta. Da aka ware tagwaye da 'yan uku, aka duba waɗanda aka haifa su kaɗai, sai ƙarin ya daina bayyana. An kuma ga wani ɗan ƙari a wasu nau'o'in hanyar da ake kira ICSI, wadda aka fara a Beljiyam a 1992, inda ake cusa ƙwayar maniyyi ɗaya cikin ƙwai da allura idan raunin daga miji ne. Yawan yaran da abin ya shafa kaɗan ne ƙwarai, amma ya isa ka tambayi likita dalili idan ya ce zai yi muku ita alhali matsalarku ta toshewar hanya ce. Kafin wannan, a 2002, wani binciken na Suwidin ya nuna 'ya'yan dashe sun fi fuskantar lalurar ƙwaƙwalwa mai hana yaro sarrafa gaɓoɓinsa, irin wadda za ka ga yaro ya shekara biyu wuyansa bai tsaya ba. Da aka bi diddigi, mafi yawan abin ya koma ga tagwaitaka da haihuwar bakwaini da ƙarancin nauyi.

Ko wanda aka haifa shi kaɗai ta dashe yana da ɗan ƙarin yiwuwar zuwa kafin lokaci. Sai dai masana a Norwe sun yi wata dabara a 2008: suka duba matan da suka haifi ɗa ɗaya ta dashe, ɗaya kuma ba ta dashe ba, suka kwatanta 'yan'uwan biyu. Bambancin ya ragu sosai. Ma'ana, wani kaso na abin da ake ɗora wa dashe yana komawa ne ga dalilin da ya hana haihuwar tun farko da kuma shekarun iyaye. Yawan shekarun uwa ko na uba yana da nasa tasirin a kan kowane ciki, na dashe ne ko wanda ba na dashe ba.

To ka ga inda zancen ya dawo, ga maganar asibiti ta mayar da uku. Ƙwaƙwalwar jariri tana yin babban girmanta ne a watanni ukun ƙarshe na ciki. Cikakken ciki mako 40 ne, wanda ya zo kafin mako 37 bakwaini ne. Fiye da rabin tagwaye kafin mako 37 suke zuwa, 'yan uku kuwa fiye da 9 cikin 10. Jaririn da ya zo a mako 28 ko 30 huhunsa bai gama ƙwari ba, jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwarsa suna da saurin fashewa, shawara tana saurin kama shi, sanyi da ƙwayoyin cuta suna saurin kayar da shi. Daga nan ne ake samun raunin ji da raunin gani da jinkirin magana da wahalar lissafi da rashin natsuwa a aji. Uwar ita ma tana cikin haɗarin hawan jini da jijjiga da zubar jini. A wajenmu idan an ce an sa jariri a kwalba, ana nufin na'urar ɗumama bakwaini. Ita ce kwalbar da ya kamata ka yi ƙoƙarin kada ɗanka ya buƙace ta. Kuma ka tuna duk alƙaluman nan masu kwantar da hankali daga ƙasashen da kowane bakwaini yake samun gado da iskar shaƙa da wutar da ba ta ɗaukewa suka fito. Kai ka san halin asibitocinmu, ka san yadda ake yawo da jariri daga wannan asibiti zuwa wancan ana neman kwalbar da babu kowa a ciki.

Su kansu Turawan da suka ga haka sai suka canza. Suwidin ta mayar da dasa ɗan tayi ɗaya ya zama shi ne asali tun 2003. A Birtaniya, a 2008 kusan haihuwa 1 cikin 4 ta dashe tagwaye ce ko fiye, zuwa 2019 suka sauko da ita zuwa 6 cikin 100, kuma yawan masu samun haihuwa bai ragu ba. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce wani gwaji da aka wallafa a 2004, a kan mata 661 'yan ƙasa da shekara 36 a arewacin Turai. An raba su biyu. Kashi na farko aka dasa musu biyu a lokaci ɗaya. Kashi na biyu aka dasa musu ɗaya, idan bai kama ba a dawo a dasa na biyun da aka ajiye a daskare. Waɗanda suka haihu a kashi na farko kusan 43 cikin 100 ne, a na biyu kusan 39. Amma tagwaye a kashi na farko sun kai 33 cikin 100 na haihuwar, a na biyu ba su kai 1 ba. Ka auna da kanka abin da aka samu da abin da aka kauce wa.

Na san abin da yake ranka. Miliyoyin naira ne, wataƙila an sayar da fili ko gona, kuma zuciya tana cewa a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, a samu Hassan da Husaini a huta da gorin dangi. Tagwaye ni'ima ce idan Allah ya kawo su, kuma da yawansu lafiya lau suke tashi. Amma akwai bambanci tsakanin abin da Allah ya jarrabe ka da shi da abin da ka sa hannu ka zaɓa bayan an gaya maka haɗarinsa. Ƙa'idar fiƙihu ce sananniya cewa tunkuɗe ɓarna ana gabatar da shi a kan jawo amfani, kuma hadisin hana cuta da cutarwa yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Kuɗin da kake tsoron asararsa, wata ɗaya na jarirai uku a ɗakin bakwaini zai iya cinye irinsa. Akwai kuma wata matsalar da ba a cika gaya wa mutane ba sai sun shiga: idan uku ko huɗu suka kama, wani likitan zai ce a kashe ɗaya ko biyu a ciki don sauran su rayu. Mazhabarmu ta Malikiyya ita ce ta fi tsanantawa a kan zubar da ciki, a mashhurin zance ko kafin kwana 40 ba a yarda ba. Mai hankali ba ya kai kansa inda zai zo yana neman fatawar lalura.

Shawarata, ku zauna da likitan ku biyu, ku tambaye shi dalilin da ya sa ba za a dasa ɗaya ba. Idan shekarun maiɗakinka sun ja, ko an yi a baya bai kama ba, likita mai amana zai iya ganin dacewar biyu, wannan fanninsa ne. Uku kuwa ga mace mai ƙuruciya, ban ga abin da zai sa ka yarda ba. Ka tambayi yadda suke lakabta kayan kowa da yadda suke tabbatar da ba a cakuɗa ba, domin kiyaye nasaba shi ne sharaɗin halaccin tun asali. Game da ajiye ragowar a daskare, malamai sun yi saɓani. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1990 ta ce a taƙaita a kan adadin da ake buƙata don kada a samu ragowa. Darul Ifta ta Masar ta halatta ajiyewar, da sharaɗin a yi amfani da shi ga ma'auratan nan kaɗai, auren yana nan, mijin yana raye, kuma an aminta daga cakuɗuwa. Abin da na fi natsuwa da shi shi ne halaccin da waɗannan sharuɗɗa, saboda shi ne yake ba mutum damar dasa ɗaya-ɗaya. Idan aka rabu ko miji ya rasu, babu halin a dasa.

Ke kuma 'yar'uwa mai karanta wannan, wadda ba ta kai ga dashe ba amma tana sayen ƙwayoyin sa ƙwai ya nuna a kemis, ko wata ƙawa ta ba ta wai maganin haihuwar tagwaye, wannan gargaɗin ya shafe ki. Waɗannan magunguna suna sa ƙwai fiye da ɗaya ya fito, shi ya sa likita yake bin mai shan su da hoton ciki. Shan su da ka jefa kai ne cikin haɗarin da muka gama bayani.

Idan Allah ya sa cikin ya kama, abubuwan da suke tsare basirar yaro su ne waɗanda suke tsare ta kowane yaro a ƙasarmu, kuma sun fi ƙarfin duk wani bambanci da aka auna a Turai. A riƙa zuwa awo, a sha maganin ƙarin jini da folik asid, a kwana a gidan sauro, a yi amfani da gishiri mai aidin, a haihu a asibitin da yake da ɗakin jarirai, domin jinkirin numfashi a lokacin haihuwa yana cikin manyan abubuwan da suke taɓa ƙwaƙwalwa. Idan idon jariri ko jikinsa ya yi rawaya a kwanakin farko, a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya shanya shi a hantsi ko ɗura masa jiƙo, kuma a nisanta kafur daga kayansa. Shawarar jarirai idan ta hau kai tana barin kurumta da naƙasa ta har abada, alhali maganinta sau da yawa wata fitila ce kawai. Idan ya zo bakwaini, uwa ta riƙa ɗora shi a ƙirjinta fata da fata, likitoci sun tabbatar da amfanin haka. Nono zalla wata 6, a ci gaba da shayarwa zuwa shekara biyu kamar yadda Suratul Baƙara ta ambata ga mai son cikawa. A yi rigakafin ƙyanda da sanƙarau, zazzaɓi mai sa suma kuma kada a kwana da shi a gida. Mun ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, ɗaruruwa suka rasu, wasu suka rayu da raunin ƙwaƙwalwa, babu ɗan dashe ko ɗaya da ake zance a cikinsu.

Ka kuma san alamomin da ake dubawa. Yaron da ya kai wata 9 bai zauna ba, ko shekara ɗaya ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, ko wata 18 bai taka ba kuma babu kalma ko ɗaya a bakinsa, ko shekara biyu ba ya haɗa kalma biyu, a kai shi wurin likitan yara, a fara da gwada jinsa. Idan bakwaini ne ana cire makonnin da ya rage bai cika ba daga lissafin, har ya kai shekara biyu. Kada a zauna ana cewa ai babansa ma bai yi magana da wuri ba, kada kuma a ce dama an faɗa, ɗan kwalba ne. Duka biyun suna jawo a rasa lokacin da taimako ya fi amfani. Idan ma Allah ya jarrabe ku da yaro mai rauni, irin wannan jarrabawa tana sauka a gidajen da ba su taɓa jin sunan dashe ba.

Saura wani abu guda da nake ganin a nan ne maganar Hajiya za ta iya zama gaskiya, ba don dashe ba, sai don ku. Yaron da aka shekara tara ko goma sha biyar ana jira, aka kashe dukiya a kansa, yana da wuya iyaye su iya ce masa a'a. Ba a bari ya yi wasa da yara kada ya faɗi, ba a tashinsa sallar asuba kada sanyi ya kama shi, malamin Islamiyya ya tsawata masa uwa ta saka mayafi ta tafi makarantar. Idan ya kai shekara goma ya gagari kowa, sai unguwa ta ce ai ga irinta nan. Wannan sangarta ce, kuma tun kafin a san dashe Hausawa suka san ta a wajen ɗan fari da auta da ɗan da aka samu a tsufa, har suka ce ka so naka duniya ta ƙi shi. Wani gidan kuma akasin haka ake yi: an kashe miliyoyi, don haka dole ya zo na ɗaya, dole ya sauke Alƙur'ani yana shekara tara, dole ya zama likita. Ibn Khaldun ya ware fasali a Muƙaddima yana bayanin cewa tsanantawa ga mai koyo tana kashe masa zuciya, tana koya masa ƙarya da munafunci don tsoron duka. Yaro ba ya bin ku bashin kuɗin asibiti, ku ma ba kwa bin sa. A umarce shi da salla yana shekara bakwai kamar kowa, a aike shi, ya yi shara, ya gaida manya, ya faɗi ya tashi.

Game da bakin mutane, ba wajibi ba ne ku sanar da kowa yadda aka samu cikin, sirrinku ne na jinya, kuma ba abin kunya ba ne idan an sani. Shi yaron, idan ya yi hankali, gara ya ji daga bakinku cikin natsuwa da ya ji a bakin wani a wajen faɗa. Wanda yake kiran yaro "ɗan kwalba" don ya muzanta shi ya faɗa cikin jifa da miyagun laƙabi da Suratul Hujurati ta hana a aya ta 11. Wanda ya wuce nan ya ce ai ba a san ko ɗan wane ne ba, ya sani cewa kore wa Musulmi nasabarsa daga ubansa babin ƙazafi ne a wajen malamanmu, ba wasan baki ba ne.

Hajiya kuwa, tsoro ne irin na uwa ya sa ta faɗi abin da ta ji, kuma jikanta take nema kamar yadda kake neman ɗa. Kada ka yi mata gardama, kada kuma ka bar maiɗakinka ta zama ita ce mai yi mata bayani. Ka je da kanka a lokacin da take cikin nishaɗi, ka gaya mata cewa jininka ne da na matarka, a cikinta zai kwanta wata tara, malamai sun halatta, kuma ka nemi ta sa muku albarka. Idan da hali ka tafi da ita wurin likitan ta yi tambayoyinta da bakinta. Ku yi istihara kafin ku sa hannu a takardar asibiti, kuma a cikin takardar ku tabbatar an rubuta adadin da kuka yarda a dasa.

Wallahu a'alam.